Yadda Ake Tantance Nau'in Kifi da Gwajin DNA, Daga Gulbin Rima Zuwa Ɗakin Bincike

Suna ɗaya a bakin masunta da masu sayar da kifi a Sakkwato kan rufe kifaye da yawa waɗanda masana halittu ba su ɗauke su abu guda ba. Abin da ake kira karfasa yana iya zama Oreochromis niloticus, ko Sarotherodon galilaeus, ko Coptodon zillii, haka kuma ƙurungu suna ne da ya haɗe nau'o'i masu yawa na dangin Synodontis da ke rayuwa a Kogin Neja da rassansa, har da Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato. Muddin kifi yana ɗanye kuma cikakke, gogaggen masunci ko malamin kifi zai rarrabe mafi yawansu da ido. Amma da zarar an yanka shi gunduwa-gunduwa, ko an yi bandarsa ya yi baƙi ya lanƙwashe, ko kuwa yana ƙarami bai kai tsawon yatsa ba, alamomin da ake dogaro da su sun tafi, sai a koma ga ƙiyasi.

Wannan ƙiyasin yana da illa. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 da ta Goronyo da aka kammala a 1984 sun rage ambaliyar da kifi ke bi ya shiga fadama ya zuba ƙwai, kuma duk wanda yake son sanin wane kifi ne ya ragu, wane ne ya jure, dole ya fara da sanin ainihin abin da yake ƙirgawa. A fannin kasuwanci ma haka abin yake. A wani bincike da ƙungiyar Oceana ta fitar a Amurka a 2013, an gwada samfurin kifi 1,215 daga shaguna da gidajen abinci, aka tarar kashi 33 cikin ɗari ba su ne kifin da aka rubuta a jikinsu ba, kuma da gwajin DNA aka gano hakan.

Abin da gwajin ya ƙunsa

DNA dogon jeri ne na sinadarai huɗu da ake wa laƙabi da haruffan A, C, G da T, kuma yana cikin ƙwayoyin halittar kowane mai rai. A 2003 Paul Hebert da abokan aikinsa na Jami'ar Guelph a Kanada suka kawo shawarar cewa, maimakon karanta dukan wannan jeri, a zaɓi ɗan guntu guda ɗaya da za a riƙa karantawa a jikin kowace dabba, ya zama lambar shaidarta, kamar layukan nan baƙaƙe da ake bugawa a jikin kayan kanti, na'ura ta haska ta faɗi sunan kayan. Guntun da aka zaɓa shi ne wani yanki na sashen gado mai suna COI, mai haruffa kusan 650, wanda yake cikin maitokondiriya, wato ɗan sashen da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari. An zaɓe shi ne saboda kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da kwafinsa masu yawa, don haka ɗan ƙanƙanin nama ya wadatar, sannan yana sauyawa sosai tsakanin nau'i da nau'i alhali sauyinsa kaɗan ne tsakanin 'yan nau'i ɗaya.

A 2005 Robert Ward da abokansa suka gwada hanyar a kan nau'in kifi 207 na Ostareliya. Sun samu cewa matsakaicin bambanci tsakanin kifaye 'yan nau'i ɗaya kashi 0.39 ne cikin ɗari, na tsakanin nau'o'in da ke dangi ɗaya kuwa ya kai kashi 9.93. Wannan tazara ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya. A shekarar ne kuma aka ƙaddamar da shirin FISH-BOL na tattara lambar shaidar kifayen duniya, kuma ana ajiye sakamakon a rumbun BOLD da ke Guelph da rumbun GenBank na Amurka, waɗanda kowa zai iya shiga kyauta ta intanet.

Akwai abin da ya kamata ya zauna a zuciyar mai bincike tun kafin ya sayi kwalba ko ɗaya. Na'ura ba ta san sunan kifi ba. Haruffa kawai take fitarwa, sunan kuma yana zuwa ne daga kwatanta haruffan da na wani kifin da wani mutum ya riga ya sa wa suna ya ajiye a rumbu. Idan wancan mutumin ya yi kuskure, ko kuma ba a taɓa shigar da irin kifin naka ba, amsar da za ka samu za ta ɓatar da kai. Saboda haka a ganina rabin ingancin aikin a bakin gulbi ake samunsa ko a rasa shi, kuma nan ne ɗalibai suka fi gaggawa.

Shiri kafin a fita

A fara da tsayar da tambaya guda. Wanda yake son jera nau'o'in kifin Tafkin Kware yana bukatar samfuri daga wurare da lokuta daban-daban, da damina da rani, wanda kuwa yake son sanin me ake sayarwa da sunan giwan ruwa a kasuwa zai bi teburan 'yan kasuwa ne. Ga kowane nau'i da ake zato, yana da kyau a samu aƙalla kifi biyar, domin da guda ɗaya ba za a san iyakar bambancin da ke cikin nau'in ba.

Ruwa yana da masu shi. Kafin a ɗauki komai a Kwalkwalawa ko Goronyo ko Wurno, a je a gaida Sarkin Ruwa ko shugaban masunta da takardar gabatarwa daga jami'a ko cibiyar da ake wa aiki, a bayyana masa abin da ake nema dalla-dalla, a kuma sanar da sashen kula da kamun kifi na jiha. Kifin da za a ɗauka a biya kuɗinsa yadda ake sayarwa. Idan za a fitar da samfuri zuwa ƙasar waje, akwai dokokin musayar albarkatun halitta, irin waɗanda Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanada, don haka a nemi izini tun da wuri ta hannun jami'a.

Kayan aiki ba su da yawa: ƙananan kwalaben roba na mililita 1.5 ko 2 masu murfin murɗawa, itanol, wato tsantsar barasar ɗakin gwaji, mai ƙarfin kashi 95 zuwa 100, almakashi da hantsaki, sababbin reza da yawa, safar hannu, ruwan bilic, ruwa mai tsabta, rula, farin allo ko tire, fensir da takarda mai kauri, kula da ƙanƙara, da waya mai ɗaukar hoto da nuna lambobin wuri. Itanol ɗin a saye shi wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaji. Sifirit ɗin kemis na wanke rauni yana da ruwa ko wasu gaurayen sinadarai da ke hana DNA daɗewa lafiya.

Aikin bakin ruwa

A iso da sassafe lokacin da jirage ke dawowa, a zaɓi kifin da bai kumbura ba, idonsa na sheƙi, fikafikansa ba su yayyage ba. Abu na farko shi ne a ba shi lamba, misali GRY-001 ga kifin farko na Goronyo, kuma wannan lambar ce za ta bi shi a hoto, a kwalba, a littafi, har zuwa kwamfuta. A rubuta ta da fensir a 'yar takarda, domin itanol yana wanke tawadar biro da ta maka, kuma kwalba hamsin marasa lamba ba su da wani amfani ko da DNA ɗin cikinsu ya fi kowane kyau. A saka takarda ɗaya a cikin kwalbar, a manna wata a waje.

Sai hoto, kuma a yi shi nan take, domin launin kifi yana dusashewa jim kaɗan bayan mutuwarsa. A shimfiɗa kifin a kan farin allo a inuwa, kansa yana duban hagu, a buɗe fikafikan baya da na wutsiya, a ajiye rula da takardar lamba a ƙasansa, a ɗauka daga sama kai tsaye. Bayan hoton jiki duka, a matso a ɗauki abin da ke rarrabe dangin. A karfasa wutsiya ce da ciki: Oreochromis niloticus yana da siraran ratsi a tsaye jere a wutsiyarsa, Coptodon zillii kuwa ƙirjinsa da cikinsa kan yi ja, musamman lokacin haihuwa. A ƙurungu a ɗauki gashin baki da bakin ta ƙasa da zanen jiki. A tarwaɗa da ramboshi a ɗauki bayan, domin fiffiken bayan tarwaɗa yana tafiya har kusa da wutsiya, na ramboshi kuwa yana yankewa a tsakiya, wani fiffike na kitse marar ƙaya ya biyo shi. A yi hattara da ƙayoyin ƙurungu da ke ƙamewa idan ya miƙe su, sukarsu tana da raɗaɗi, minjirya kuma ba a taɓa ta da hannu tana da rai.

A tambayi masuncin sunan kifin, a rubuta yadda ya faɗa. Idan dattijo ya ɗaga biyu ya ce wanga daban na, wancan daban na, alhali kai kana ganinsu iri ɗaya, ka ba su lamba daban-daban ka roƙe shi: «Baba, nuna mini inda suka bambanta.» Sau da yawa abin da ya nuna shi ne zai bayyana a haruffan daga baya. A rubuta rana, sunan wurin, lambobin wurin daga waya, irin kayan kamun, ko birgi ne ko taru ko ƙugiya ko homa, da tsawon kifin da nauyinsa. Kifin da aka saya a kasuwa a rubuta shi a matsayin na kasuwa, tare da inda mai sayarwa ya ce ya fito, domin kifin da ke kan tebur a Sakkwato yana iya zama na Yawuri ko Argungu ko na ƙetaren iyaka, kuma rubuta shi a matsayin kifin Rima ƙarya ce da za ta zauna a rumbu shekaru.

Yanzu sai yanka. Ana yanka ne a gefen dama, a bar hagu cikakke domin awo da hoto. A goge wurin da auduga mai itanol, a yanko ɗan guntun fiffike ko tsoka kimanin milimita 5, a jefa shi cikin kwalba, itanol ya ninka naman aƙalla sau goma. Zuciya takan raya wa mutum ya ƙara nama don kada ya kasa, amma wannan shi ke ɓata samfuri, domin ruwan da ke cikin naman yana tsinka itanol har ya gaza hana ruɓewa. Kifin da ya kwana a daro ɗaya da wasu ya shafi yauƙinsu da jininsu, don haka a irinsa a tsaga fata a ɗebo tsoka daga ciki. Kowane kifi da sabuwar rezarsa. Almakashi da hantsaki kuwa a tsoma su a ruwan bilic, a ɗauraye da ruwa sosai, a goge da itanol kafin a taɓa na gaba, a kuma sauya safar hannu idan ta ɓaci.

Zafin Sakkwato, wanda a watannin Maris zuwa Mayu yake haura digiri 40, yana saurin lalata DNA kuma yana busar da itanol daga kwalbar da ba ta rufu da kyau ba. Kwalabe su shiga kula nan da nan, kada a bar su a bayan mota ko a aljihun jaka a rana. Washegari a zubar da itanol na farko a zuba sabo, sannan a ajiye a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Inda wuta ba ta tsayawa, gara a ajiye a wuri mafi sanyi da duhu a riƙa duba itanol ɗin, da a sa a firizar da za ta daskare yau ta narke gobe.

Kifin kansa ba a yar da shi. Shi ne shaidar da wani zai koma ya duba idan an yi jayayya a kan suna. Bayan an ɗebi naman gwaji, a jiƙa shi a fomalin, wato sinadarin hana ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 na kimanin mako guda, manya a tsaga cikinsu ta dama don ruwan ya shiga, sannan a wanke a mayar cikin itanol na kashi 70 tare da lambarsa. Tsarin nan bai yarda a juya shi ba: fomalin yana kakkarya DNA yana ɗaure shi da furotin, don haka naman da ya riga ya shiga fomalin da wuya ya ba da sakamako. Fomalin guba ne, a yi aiki da shi da safar hannu a wuri mai iska. Babban giwan ruwa ko yauni da ba za a iya saye ko adanawa ba, hotuna masu kyau daga kowane gefe su tsaya a madadinsa.

Banda da busasshen kifi suna bukatar ƙarin kulawa, domin wuta da hayaƙi sun farfasa DNA ɗinsu, kuma hayaƙin yana barin sinadaran da ke hana gwaji tafiya. A ɓare fatar da ta ƙone, a ɗebo tsoka mai haske daga kusa da ƙashin baya. Idan cikakken guntun haruffa 650 ya ƙi fitowa, akwai gajerun guntaye na haruffa 100 zuwa 300 da aka tsara domin irin wannan samfuri, sai dai ƙarfinsu na rarrabe nau'o'i makusanta bai kai na cikakken ba.

A ɗakin gwaji

Matakin farko shi ne fitar da DNA daga naman. A ciro guntun da bai wuce miligiram 25 ba, a bar shi ya sha iska har itanol ya bushe, a yayyanka, a zuba masa ruwan narkarwa da sinadarin Proteinase K, a ajiye a zafin digiri 56 har ya narke, abin da kan ɗauki awa ɗaya zuwa uku, wani lokaci a bar shi ya kwana. Daga nan a bi umarnin kayan haɗin da aka saya, irin su DNeasy na kamfanin Qiagen, ko a bi hanyar gishiri ko ta sinadarin CTAB, waɗanda suka fi araha amma suka fi cin lokaci. Idan akwai na'urar auna tsabtar DNA, alƙaluman da ake so su kasance wajen 1.8. Kada a ƙarar da naman, a bar saura.

Mataki na biyu shi ne PCR, dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, wadda ke kwafar guntun da ake so sau miliyoyi. Ana nuna wa na'urar farkon guntun da ƙarshensa da gajerun jeri biyu da ake kira firaima. Waɗanda aka fi amfani da su ga kifi su ne na Ward: FishF1, mai jerin TCAACCAACCACAAAGACATTGGCAC, da FishR1, mai jerin TAGACTTCTGGGTGGCCAAAGAATCA. A haɗin maikrolita 25 ana zuba 12.5 na haɗaɗɗen ruwan PCR mai ninki biyu, 0.5 zuwa 1 na kowane firaima, 1 zuwa 2 na DNA, a cike da tataccen ruwa. A saita na'ura ta fara da digiri 95 na minti biyu, sannan ta zagaya sau 35 tsakanin digiri 94 na daƙiƙa 30, digiri 54 na daƙiƙa 30 da digiri 72 na minti ɗaya, ta rufe da digiri 72 na minti goma. Aikin yana ɗaukar kusan awa biyu kuma ɗaukewar wuta a tsakiya tana ɓata shi, don haka a tabbatar da inbata ko janareto kafin a danna. Lokacin hunturu a rufe tagogi saboda ƙura, kuma teburin da ake haɗa PCR ya zama daban da inda ake buɗe kwalaben da suka riga suka fito daga na'ura.

A kowane zagaye a sa kwalba ɗaya da aka zuba wa komai ban da DNA. Ita ce mai tona asirin gurɓata. Bayan an gama, a ɗibi maikrolita 3 zuwa 5 daga kowace kwalba a tura ta cikin jel na agaros mai kaurin kashi 1.5, wanda ke jera guntayen DNA bisa tsayinsu, tare da ma'aunin tsayi, a duba a ƙarƙashin fitilar da ta dace da rinin da aka sa. Abin da ake fata shi ne layi ɗaya mai haske a wajen alamar haruffa 700 ta ma'aunin, wato tsayin guntun haɗe da firaimansa. Idan kwalbar da ba ta da DNA ta nuna layi, to zagayen gaba ɗaya ya gurɓata, a zubar a sake da sababbin ruwaye, komai kyan sauran layukan. Idan samfuri bai nuna komai ba, kafin a yanke ƙauna a tsinka DNA ɗin sau goma da ruwa a sake gwadawa, domin sau da yawa yawan datti ne ya hana, musamman a banda. In ya ƙi, a sauke digiri 54 zuwa 50 ko 52, ko a koma ga wasu firaiman, FishF2 da FishR2.

Mataki na uku, karanta haruffan ta hanyar da Frederick Sanger ya fito da ita a 1977, yawanci aikawa ake yi, ko dai zuwa ɗakunan gwaji na Ibadan ko zuwa kamfanonin waje irin su Macrogen na Koriya ta Kudu. A rufe kwalabe gam, a haɗa da ƙanƙara da jerin lambobi, a nemi a karanta kowane samfuri ta gaba da ta baya. Kuɗin ya ninka, amma karatu biyun suna gyara wa juna kuskure. A dage kuma a karɓi ainihin fayil mai ƙarewa da ab1, wanda ke ɗauke da zanen karatun na'ura, kada a yarda da haruffa zalla.

Karanta sakamako da sa suna

A buɗe fayil ɗin da manhaja irin Chromas ko BioEdit ko MEGA. Za a ga tsaunuka masu launi huɗu, kore na A, shuɗi na C, baƙi na G, ja na T. Karatu mai kyau tsaunukansa a tsaye suke ɗaya bayan ɗaya, ba wani a ƙarƙashin wani. Haruffa 30 zuwa 50 na farko da na can ƙarshe kusan kullum a cakuɗe suke, a yanke su, a cire jerin firaima, sannan a haɗa karatun gaba da na baya su zama jeri ɗaya. Idan tsaunuka biyu suna hawa kan juna tun daga farko har ƙarshe, alama ce ta DNA ɗin kifi biyu a kwalba ɗaya, kuma babu gyaran kwamfuta da zai warware wannan, sai an koma ga naman. A ƙarshe a sa manhaja ta juya jerin zuwa furotin da tsarin maitokondiriyar dabbobi masu ƙashin baya. Bayyanar alamar tsayawa, wato alamar ƙarshen furotin, a tsakiyar jeri tana nufin ko an yi kuskuren karatu, ko an kamo wani mataccen kwafin COI da ya ɓata ya shiga cibiyar ƙwayar halitta.

Sai a liƙa jerin a shafin tantancewa na BOLD da kuma shafin bincike na BLAST na GenBank, duka biyun. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne kwafe sunan da ya zo a layin farko a wuce. A duba ashirin na sama: shin sun yi ittifaƙi a kan suna ɗaya, daga wace ƙasa aka samo su, kuma nawa ne tazarar da ke tsakaninsu da nau'i na biyu mafi kusa? Idan daidaito ya kai kashi 99 ko fiye, sunayen sun zo ɗaya, nau'i na gaba yana nesa, kuma hoton kifinka bai saɓa wa siffar wannan nau'in ba, to a sa suna da natsuwa. Iyakar kashi 98 da ake yawan ambata al'ada ce mai amfani, ba doka ba. Idan mafi kusa ya tsaya a kashi 92 ko 95, abin da za a iya faɗa shi ne dangin kawai, a rubuta misali Synodontis sp. Hakan ba ya nufin an gano sabon nau'i. Kifayen ruwan daɗi na Afirka ta Yamma ba su samu shiga rumbunan nan kamar na Turai da Amurka ta Arewa ba, don haka mafi kusa da gaskiya shi ne kifin sananne ne wanda ba a shigar da lambarsa ba tukuna.

Wani lokaci za a ga jeri ɗaya da sunaye biyu ko uku, duk a kashi 99. Dalili na farko shi ne wani ya shigar da kifi da sunan da ba nasa ba, kuma GenBank ba ya duba kifin kowa kafin ya karɓa. Na biyu shi ne sauyin suna: a 2013 aka mayar da Tilapia zillii zuwa Coptodon zillii, haka Synodontis batensoda ya daɗe ana rubuta shi Brachysynodontis batensoda, don haka a tabbatar da sunan da ke aiki yanzu a rumbun bayanan kifi na FishBase ko a kundin sunayen kifi na Eschmeyer. Na uku shi ne nau'o'in da ke da kusanci ƙwarai. Clarias gariepinus da Clarias anguillaris duka tarwaɗa ne, duka suna ruwanmu, kuma ana yawan rikita su, shi ya sa za a koma ga kifin shaida a ɗaga murfin kumatunsa a ƙirga 'yan haƙoran tacewa da ke jere a ƙashin numfashi na farko, waɗanda a gariepinus suka fi yawa idan girman kifayen ɗaya ne. Zana bishiyar dangantaka a MEGA, da samfuranka da amintattun jeri daga rumbu, yana taimakawa a ga inda kowanne ya faɗa.

Iyaka mafi girma ta shafi masu kiwon kifi kai tsaye. Daga uwa kaɗai ake gadon DNA na maitokondiriya, don haka gwajin COI sunan uwa kawai yake faɗa. A gonakin kifi na Nijeriya an daɗe ana haɗa tarwaɗa da ramboshi a samu ruwa-biyu mai saurin girma. Idan uwar tarwaɗa ce, gwajin zai ce Clarias gariepinus da kashi 100, alhali a bayan kifin akwai ɗan guntun fiffiken kitse da ke nuna jinin ramboshi. Saboda haka mai gona da yake son tabbatar da cewa 'ya'yan kifin da aka sayar masa tsantsar iri ne ba zai samu amsa daga wannan gwaji shi kaɗai ba, sai an ƙara da wani sashe na cibiyar ƙwayar halitta, irin RAG1, wanda ake gado daga uwa da uba. Dangin karfasa ma suna barbarar juna, musamman inda aka zuba irin gona a ruwan da ke da na asali.

Idan suna ya tabbata, a shigar da jerin a BOLD tare da lambar kifin shaida, inda aka ajiye shi, hoto, rana, lambobin wuri, sunan firaima da fayilolin ab1. Ana so jerin ya kai haruffa 500 ko fiye, kuma haruffan da ba a tabbatar ba su gaza kashi ɗaya cikin ɗari. Inda ake da shakka a tsaya a sunan dangi, domin ɗalibin da zai gwada ƙurungun Tafkin Kware bayanka da naka jerin zai kwatanta. A rubuta sunan Hausa da masunci ya bayar a gurbin ƙarin bayani, a kai wa Sarkin Ruwa kwafin hotuna da sunayen da aka samu, sannan a raba ragowar nama da DNA gida biyu a ajiye a firiza daban-daban, ko ɗaya ta lalace a samu ɗayar.